Baƙar Roba a Shagon Ƙanena

Ƙanena tela ne a Waca. Tun muna samari ya zauna a kan keken ɗinki, ni kuwa na bi hanya. Na yi dako a bakin teku a Abijan, na tsare wa wani kanti a Kumasi, na yi shekaru tsakanin Umdurman da Jidda, na ƙare da gadin sito a Tarabulus kafin jiki ya ce in koma gida. Duk inda na sauka nakan tsinci harshen mutanen wurin, gwargwadon abin da zai ishe ni gaisuwa da ciniki da faɗa. Shi kuwa bai taɓa wuce Kano ba, bai kuma taɓa nuna yana marmarin wucewa ba. Duk zuwan da na yi ganin gida a wuri ɗaya nake tarar da shi, cikin shagon da ke manne da zauren gidanmu, metir na awo rataye a wuya, guntun alli a bayan kunne.

A da ƙasan shagon daɓe ne, kuma a ƙasa yake yanka. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya baje yadi, ya durƙusa yana bin layin alli da almakashi. Haka ya koya a wurin maigidansa. Daga baya ɗansa na fari ya samu aiki a wani biro, wato ofis, a Damagaram, kuma abin da ya fara yi da albashinsa shi ne ya turo magina suka fasa daɓen suka zuba siminti, ya sa kafinta ya yi dogon teburin yanka mai kai wa mutum ƙugu. Kowa a unguwa ya sa wa yaron albarka. Gara ta daina cin yadi, ɓera ya rasa rami. Ƙanena ya tashi daga ƙasa, ya koma yanka da guga a tsaye, ya kuma ji daɗin hakan shekaru da dama.

Da na dawo gida gaba ɗaya sai na lura da tafiyarsa. Idan aka kira la'asar, sai ya dafa bango kafin ya taka dokin ƙofa. Wata rana muna alwala na ga ƙafafunsa sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na danna da yatsa, wurin ya loɓa, ya daɗe bai ciko ba. Ya janye ƙafar ya saki wando.

"Ba komai, Yaya. Tsufa ne."

"To ni da na girme ka fa?"

"Kai ai ka zubar da naka a hanya."

Na matsa masa muka je wurin majo, ma'aikacin jinyar da ke kula da ɗakin shan magani. Ya auna jininsa, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa ɗaga ƙafafu idan ya kwanta. Sannan ya ce tsayuwar wuni guda a kan siminti ba takalmi tana ƙara masa ciwo, ya nemi takalmi mai taushi, ya kuma rage tsayuwa. Ƙanena ya yi godiya. A hanya ya ce da ni, tela ba ya rage tsayuwa sai in ya rage yanka, wanda ya daina yanka kuwa ya daina zama tela, ya zama mai taka keke kawai. Na ce ya koma yanka a ƙasa kamar da. Ya gwada sau ɗaya. Gwiwoyin da suka yi shekaru ba su durƙusa a kan yadi ba suka ƙi, sai da na kama shi ya miƙe.

Labari ya kai Damagaram, ɗan ya zo. Ɗan fari ne, kuma ƙanena na cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya doguwar magana da shi, idan zai ambace shi sai ya ce "mutumin Damagaram". Don haka yaron bai tunkari ubansa ba, wurina ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarmata.

"Baba, ka ga ƙafafunsa. Na gyara masa ɗaki a wurina, asibiti ga shi kusa. Ina so in ɗauke keken, a rufe shagon. Ni ba zan iya faɗa masa ba. Kai kaɗai ne in ka ce ya tashi zai tashi."

Gaskiya ya faɗa. Tun rasuwar mahaifinmu ƙanena bai taɓa musa mini magana ba. Na kuma san abin da tashin yake nufi. Na ga tsofaffi da yawa a ƙasashen mutane waɗanda 'ya'ya suka ɗauke daga wurin sana'arsu don ƙauna, aka ajiye su a ɗaki mai fanka, suna kallon bango. Ba su cika daɗewa ba. Amma ƙafafun ma na gan su da idona. Na ce wa yaron ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah. In ya dawo ya tarar da kumburin yadda yake, ni da bakina zan ce wa ubansa ya shiga mota.

Bayan tafiyarsa na zauna ina tuno yadda na ga masu aikin tsaye suna yi a wasu wurare. Teloli a Abijan kwali suke ninkawa su taka, idan ya lotse su sake wani. A Umdurman na san wani mai guga da ya jera katako a kan bulo biyu, katakon yana ɗan lanƙwasa a ƙarƙashinsa. A Jidda kuwa telolin Indiya ba sa tsayuwa sam, a kan dakali suke harɗe ƙafa su yi komai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata masana'antar ɗinki da ke kusa da sitonmu a Tarabulus. Kowane mai yanka yana da tabarmar roba mai kauri a gaban teburinsa. Na taɓa tsayawa a kan ɗaya ina jiran wani aboki, na ji kamar an sauke mini kaya daga baya. Ƙafa ba ta samun wuri ɗaya ta sandare, kullum tana ɗan motsi ba tare da ka sani ba.

Na hau mota zuwa Damagaram neman irinta. Na zaga kantuna, wasu suna nuna mini tapi, wato darduma ta falo, wasu ledar ɗaki, har na dace da wani mai kayan waje da ke da su kala uku. A jikin ledarsu an rubuta da Faransanci da Larabci cewa don rage gajiyar masu aiki a tsaye aka yi su. Na karanta duka biyun, na danna kowace da babban yatsa, na tsaya a kansu ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓi wadda ta fi taushi, koriya shar, mai zanen furanni a gefe, samanta sumul kamar fatar da aka jeme. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekaru yana ƙawata jikin mutane ya cancanci abu mai kyau a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da na shimfiɗa ta a gaban teburin, ƙanena ya daɗe yana kallonta. Ya je ya wanke ƙafa, ya goge, sannan ya taka. Ya lumshe ido.

"Yaya, wannan ai gado ne."

Na koma ɗakina da farin ciki. Kwanaki suka wuce, ina duba ƙafafun a wurin alwala, ban ga wani canji ba. Na ɗauka ko abin yana son lokaci. Sai ranar kasuwa na ɗauki carbina na je na zauna a kusurwar shagon tun hantsi, don in ga yadda yake aiki a kanta.

Wanda ya fara shigowa tsohon mahauci ne, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya bar fawa ga 'ya'yansa ya mai da shagon wurin hirarsa. Kafin ya gama sallama ƙanena ya sunkuya, ya janyo koriyar tabarmar daga gaban tebur, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa masa a jikin bango.

"Bismilla, sarkin ƙashi."

"Yawwa, ɓarawon ƙyalle. Allah ya ja zamanin Alhaji da ya kawo mana wannan ni'ima. Tun da na fara zama a kanta bayana ya daina ciwo."

Ya miƙe ƙafa ya ciro goro. Ƙanena ya koma kan siminti ba takalmi ya ci gaba da yanka. Da mahaucin ya tafi cefane ƙanena ya mai da ita wurinta, bai gama hannun riga ɗaya ba wani dattijo daga Guci ya shigo da shadda, aka sake janyo ta. Bayansa wani malami. Da azahar ta yi, baƙi biyu suka yi salla a kanta saboda ta fi komai tsabta a shagon. Akwai wani saurayi da ya ji nauyi ya ƙi zama, ya tsuguna a kan buhun ƙyallaye. Na zuba ido in ga abin da zai faru. Ƙanena bai janyo ta ba, amma bai taka ta ba, sai ya matsa gefe ya tsaya a kan siminti yana miƙa hannu daga nesa, har saurayin ya fita. A wunin nan duka, tsayuwar da ya yi a kanta ba ta kai ta shan shayi ba. Takalmin da majo ya ce ya saya kuwa yana bakin ƙofa, don ba a taka shimfiɗa da takalmi.

Da mutane suka watse na yi masa magana.

"Don ƙafarka na sayo ta, ba don mazaunin mahauci ba."

"Na sani, Yaya."

"To me ya sa?"

Ya ajiye almakashi. "Mutum ya shigo wurina, ga shimfiɗa mai kyau, ina tsaye a kanta da ƙafata, shi yana kan buhu? Da wane ido zan dube shi? Kai ma da ka shigo ɗazu, don ka riga ka zauna ne, da kai zan ba."

A Tarabulus abin da ke gaban teburin yanka kayan aiki ne, kamar almakashi, ba wanda zai yi tunanin miƙa wa baƙo. A wurinmu duk abin da aka shimfiɗa a ƙasa, in dai yana da kyau, na baƙo ne kafin ya zama na mai gida. Mahaifinmu yana da buzu ɗaya tak, kuma ban taɓa ganinsa a kai ba idan akwai wani a zauren. Na yi tunanin in sa a manne ta da siminti, sai na tuna yadda ya tsaya a gefenta saboda saurayin nan. Da na manne ta, da sai ya riƙa kewaye ta har ta tsufa. Na kuma yi tunanin in ba shi umarni. Zai bi, amma zai riƙa yanka cikin jin kunya, kuma ban so in sayi lafiyar ƙafarsa da wannan ba.

Abin da ake bukata shi ne abin da ba wanda zai kira shi shimfiɗa. Sallah ta matso, yadi ya fara taruwa a shagon. Na shiga motar Magariya.

A wannan karon ban je wurin masu kayan ɗaki ba, bayan tasha na nufa, inda ake sayar da tsofaffin kayan manyan motoci. Na yi wa wani mai rumfa bayani, ya fito mini da abin da yake da shi. Akwai robar da ake sa wa a ƙasan ƙaramar mota, na taka na ji siminti ta cikinta, ba ta da kauri. Akwai wani soso mai laushi, amma na san allura za ta nutse a ciki ta jira ƙafar mutum, zafin bazara kuma zai marmashe shi. Ita ma koriyar na lura dunduniya tana nutsewa a cikinta har ƙasa idan an daɗe, taushin da ya burge ni a kanti bai dace da wuni guda ba. Can ƙarƙashin tarin tayoyi na hango wata baƙar roba mai kaurin yatsa biyu, jikinta duk ramuka zagaye-zagaye. Sai da mu biyu muka ja ta. Warin taya take yi, ga ƙura, ga tabon baƙin mai a gefe ɗaya.

Na hau kanta da takalmina na tsaya. Ba ta nutse ba, ba ta kuma yi tauri ba, tana karɓar nauyi tana mayarwa. Na ƙi sauka, a kanta na yi cinikin duka, na ja shi da gangan don in ji abin da bayana zai ce.

"Alhaji, shanu za ka ɗaure a kanta?"

"Tela zan ɗaure."

"To ga mai kyau can, wannan ko kare ba zai kwanta a kai ba."

"Ita nake so. Kana da wadda ta fi ta muni?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce duk Magariya ba ta da ta biyu. Na kai ta wurin mai facin taya ya yanke ta daidai tsawon teburin, ya fere bakinta a karkace don kada ta harɗe tsoho. Aka ɗaure ta a saman mota tare da buhunan gero da akuya biyu.

Na wanke ta da toka da sabulu, baƙin bai fita ba, warin ma ya ragu ne kawai. Muka ja ta zuwa gaban tebur. Ƙanena ya zagaya ta yana toshe hanci.

"Yaya, daga wace bola?"

"Sa takalminka ka hau."

"Da takalmi?"

"Wannan ka ga ta yi kama da abin da ake cire wa takalmi?"

Ya sa ya hau. Ya ɗauki almakashi ya gwada, sai ya ce tebur ya yi masa ƙasa, robar da takalmin sun ɗaga shi. Muka sa guntayen katako a ƙarƙashin ƙafafun teburin har hannunsa ya koma inda ya saba. Allurai kuwa cikin ramukan suke faɗawa, ya ɗaure maganaɗisun tsohuwar rediyo a zare yana bi da shi da yamma yana tsince su. Koriyar na ɗauke ta da hannuna na shimfiɗa a jikin bango, na ce daga yau nan ne wurinta, ta baƙi ce.

Washegari mahauci ya zo. Ya ga sabon abu, ya ce shi ba a kawo kaya shagon nan bai ɗanɗana ba. Ya tattara farar rigarsa ya zauna a bakin robar. Bai daɗe ba ya fara mutsu-mutsu, ya miƙe, bayan rigar duk zagayen baƙi kamar an buga masa hatimi.

"Allah ya isa, ɓarawon ƙyalle! Wannan ai gasa nama ake yi a kanta."

"Ga taka can, sarkin ƙashi. Wannan ta talakawa ce."

Na ga ƙanena yana dariya, ƙafafunsa biyu a kan robar, baƙo a ɗaki, bai matsa ko'ina ba.

Aikin Sallah ya zo da yawa kamar kullum. Ya yanka manyan riguna da kaftani da kayan yara, yana shan ƙwayoyinsa, matarsa ta rage gishiri a miya duk da ƙorafinsa. Ina duba ƙafafun a wurin alwala ban ce komai ba. Kumburin bai tafi duka ba. Amma idon sawu ya fito, kuma wata la'asar na ga ya taka dokin ƙofa ya wuce bai nemi bango ba. Shi bai ma lura ba.

Bayan an gama hidimar layya ɗan ya zo, da mota mai buɗaɗɗen baya wadda keke zai shiga. Ya gaishe ni a zaure, na ce mu je shagon. Uban yana tsaye yana yanka wani farin yadi. Yaron ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, uban ya amsa a taƙaice yana kallon alli. Na ce wa ƙanena ya ɗage wando. Ya ɗage. Na ce wa yaron ya matso ya duba da kansa, don kada ya ce na rufe masa wani abu.

Yaron ya fara kwance igiyar takalminsa. Uban ya dube ni.

"Yaya, gaya wa mutumin Damagaram ya bar takalminsa. Wannan ba shimfiɗa ba ce."

Yaron ya tako ya tsuguna, ya danna ƙafar ubansa da yatsa a hankali. Wurin ya ɗan loɓa ya ciko. Ya sake dannawa a ɗaya ƙafar. Sannan ya miƙe ya tsaya a kan robar, ya sauka kan siminti, ya sake hawa. Ya daɗe yana kallon simintin da ya zuba da albashinsa na farko.

"Baba," ya ce da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, "da na sani da na bar masa daɓensa."

Uban bai ɗago ba. "Yaya, gaya masa tun da aka zuba simintin nan gara ba ta ci mini ko taku ɗaya na yadin mutane ba. Gaya masa na gode."

Na maimaita masa, ko da yake ya ji. Muka fito zaure ni da shi. Ya tambaye ni abin da na gani. Na ce ciwon yana nan, ba roba ce za ta warkar da shi ba, kuma wata rana zai dawo da motar nan ba wanda zai hana shi. Amma ba bana ba. Na ce sharaɗina biyu, uban zai riƙa yanka da safe kawai, kuma duk lokacin da majo ya ce a je Damagaram a duba shi, za a je. Yaron ya ce ya yarda. Da na gaya wa ƙanena, ya ce safiya a wurinsa tana kaiwa har azahar, na ce ta kai.

Motar ta koma da buhun wake da ƙullin soyayyen nama a inda aka tanadar wa keke. Ina tsaye a ƙofar gida har ta sha kwana, ina jin ƙarar almakashi daga cikin shagon, da muryar mahauci yana tambaya ko an ajiye masa nasa kason naman.